Ruwan Tulu Ya Yi Ƙasa

Talata, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Kwana bakwai yau.

Na sayi wannan kaye, ɗan littafin rubutu, don in riƙa rubuta sunayen magungunan Mustafa da lokacin ba shi kowanne, amma ga shi shafin farko da maganar Tulu zan fara. Tulu ita ce ordinatar ɗinmu, wato kwamfutar da muke montaj da ita, muna yankawa da haɗa bidiyon biki, ni da shi. Da hannunsa ya haɗa ta shekara biyu da suka wuce, don duk wadda muka saya zafin Damagaram sai ya kashe ta kafin damina ta faɗi. Ya ce tunda fanka ta gaza, ruwa zai sa mata. Ya samo baƙin tiyo da ɗan ƙaramin famfo, da wani jan ƙarfe mai faɗin tafin hannu da ke zama a kan ƙwaƙwalwarta, da radiyatar ɗin tsohuwar mota daga garejin abokinsa Ɗanƙarami, sai kwalba mai marfi inda ruwan ke taruwa kafin ya sake zagayawa. Ranar da ya tayar da ita na yi masa dariya, na ce mijina ya haɗa tulu mai wuta. Sunan ya bi ta.

Ranar waccan Talatar da safe, yana neman makullin babur, ya ce mini, "Ruwan Tulu ya yi ƙasa. Kada ki taɓa, da yamma zan canza shi." Na ce to, ko kallonsa ban yi ba, ina ta fama da waƙar wasu 'yan Gaffati da ta ƙi hawa kan hoton amarya.

Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi mini cikakkiya.

Laraba, 23 ga Afrilu, da hantsi

Na liƙa sikoc, salatif ɗin nan, a jikin kwalbar, na ja layi da birona bik daidai inda ruwan ya tsaya. Tsakanin layin da bakin tiyon da ke shiga famfo yatsu uku ne. Abu ɗaya na tabbata da shi: in ruwan ya sauka ƙasa da wannan bakin, famfo zai sha iska ya ƙone, sauran kuma su bi shi. Mustafa ya faɗa mini haka ya fi sau ashirin, ina cewa na ji, na ji.

Abin da ban sani ba shi ne wane ruwa ne a ciki. Launinsa kamar shayin da aka tafasa karo na huɗu. Ba kore ba, ba ja ba, ba kuma fari ba. Sai da mutum ya daina magana kake gane tambayoyin da ba ka yi masa ba.

Ba zai dawo gidan nan ya tarar na kashe masa ita ba. Wannan kam a'a.

Laraba, bayan magariba

A asibiti hannunsa na hagu yana matse nawa. Na dama yana nan inda aka ajiye shi.

Alhamis, 24 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya

Na je garejin Ɗanƙarami. Wanda ya sa wa mutumin nan wannan suna Allah ya yafe masa, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shagonsa. Da ya gan ni ya goge hannu ya ce, "Madam, ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Ya kalle ni, na kalli ƙasa, muka bar maganar.

Na tambaye shi wane ruwa Mustafa ke ɗiba a wurinsa. Ya nuna mini bido biyu, wato jarkoki, na ruwan radiyatar, ɗaya kore, ɗaya ja.

"Wanne?"

"Wallahi Madam ban sani ba. Shigowa yake ya ɗiba da kansa kamar garejin ubansa, ina ƙarƙashin mota. Na dai san yana sirkawa da ruwan batir, mai tsabtar nan da ba a sa masa asid ba."

"Nawa da nawa?"

Ya ɗaga kafaɗa. Sannan ya ce kada in kuskura in haɗa koren da jan, wai wani lokaci suna daskarewa su zama kamar miyar kuka a cikin tiyo. To fa. Na je neman amsa ɗaya na dawo da tsoro biyu. Ya zuba mini kowanne a 'yar kwalba, ya ƙara da litar ruwan batir, ya ce in ajiye nesa da bakin kowa don guba ne.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan azahar

Ruwan ya sauka rabin yatsa.

Inna Hajjo, mahaifiyarsa, sau ɗaya tak ta taka asibiti cikin kwana goman nan. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce wa bango "Allah ya sawwaƙe," ta juya. Na san ɗan fari ne. Na san tun da na shigo gidan nan ban taɓa jin ta kira sunansa ba, "wancan" take cewa, ko "mai baburin nan." Na san kunya ce irin tasu ta mutanen da. Amma haba! Mutum na kwance ana juya shi kamar buhu, ita tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Raina a ɓace yake da ita kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai, kayena.

Asabar, 26 ga Afrilu, da safe

Na shiga wani dandali a intanet na masu irin wannan haɗin, na rubuta musu da Faransanci. Ashe can ma kasuwa ce. Na farko ya ce ruwan batir zalla, kada a sa komai. Na biyu ya ce wannan shirme ne, tunda radiyatar ɗina alminiyam ne kuma akwai jan ƙarfe a layi ɗaya, ruwa zalla zai sa su ci juna, dole sai da maganin tsatsa. Na uku ya ce in cire alminiyam ɗin in sayi na kirki. In saya a ina, unguwar Birni ko ta Zango? Na huɗu ya ce ruwan mota na ƙasashe masu ƙanƙara ne. Na biyar ya ce shi da ruwan mota yake aiki shekara takwas.

Wani ya tambaye ni zafin ɗakin nawa ne. Na ce arba'in da uku. Ya ce in daina wasa.

Na kashe wayar.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan la'asar

Ban gane ba.

Da safe kafin in tafi asibiti ruwan yana ƙasa da layi da kusan yatsa guda. Na gani da idona, har na ce innalillahi. Na kashe Tulu, na rufe ɗakin. Yanzu na dawo, ruwan yana kan layi cif.

Ƙila zafi ne ke sa shi kumbura. Amma ai a kashe take. Ƙila da safen ban duba da kyau ba.

Litinin, 28 ga Afrilu, ƙarfe goma

Alhaji Auwalu, Bakanon nan mai kayan ordinatar a kasuwar Dole, ya ɗauko mini wata kwalba daga bayan kanta. Ruwan hoda ne mai kauri, har da ƙyalƙyali, rubutun jikinta duk na Sin. Ya ce, "Wannan yaran Kano ke sa wa tasu, ki ga yana yawo a tiyo gwanin sha'awa." Na ce tiyona baƙi ne, ba mai ganin komai, abin da nake tambaya zai zauna lafiya da alminiyam? Ya ce, "Hajiya, ruwa ai ruwa ne." Ya tura mini ita ya ce in tafi da ita kawai, in gaishe da mutuminsa.

Ruwa ruwa ne. Da haka ne da ban yi kwana huɗu ina yawo da kwalabe a jaka kamar mai tallar turare ba.

Na zuba kaɗan a kofin gilas na ajiye a taga, in ga abin da zai yi in ya ji ranarmu.

Talata, 29 ga Afrilu, da azahar

Mako biyu.

Yau ya yi ƙoƙarin cewa wani abu. Bakin ya tafi gefe guda, sautin ya ƙi fitowa, sai ya rufe ido. Infirmiya, nas ɗin ɗakin, ta ce kada in matsa masa. Na zauna ina ba shi labarin bidiyon 'yan Gaffati, ban ambaci Tulu ba.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan la'asar

Ya sake hawa. Wannan karon har ya wuce layi.

Na tambayi Illa, ƙanensa da ke koyarwa a garin Dogo, wanda ke karɓata a asibiti, ko ya shiga ɗakin montaj. Ya ce shi rabonsa da ɗakin tun ƙaramar salla. Ya ce, "Anti Lubna, kina barci kuwa?" Na ce ina ruwanka da barcina. Daga baya na ji kunya, na aika masa da fura.

Amma tambayar ta zauna mini. Ko ni ce nake zubawa ina mantawa? Na duba kwalabena, duk a cike suke, marfinsu a ɗaure. Ko ni ce nake matsar da sikoc ɗin? Na sa hannu a kansa kamar takardar banki, rabin sa hannun a sikoc, rabi a gilas.

Jiya na sa gishiri a shayi. Shekaranjiya na hau kabu-kabu na ce masa asibiti alhali daga can na fito. Ban san me zan yarda da shi ba kuma.

Alhamis, 1 ga Mayu, da safe

Na Alhaji Auwalu ya kwanta. Sama ruwa garau, ƙasa wani abu kamar gasarar koko. An rage ɗaya. Saura kore, ja, da ruwan batir zalla.

Juma'a, 2 ga Mayu, ƙarfe uku

Ruwan cikin Tulu ya fara gurɓacewa. Ya yi hazo-hazo, kuma akwai farin abu da ya fara kamawa a gindin kwalbar, irin wanda ke kama butar da aka daɗe ana tafasa ruwan rijiya a ciki. Lambar zafin da Mustafa ya sa a kusurwar ekran, allon Tulu, da hamsin da wani abu take nunawa in ina aiki. Yau ta kai saba'in da takwas.

Na aika wa mutanen dandali hoto. Ɗaya ya ce, "Kin zuba ruwan famfo." Na ce ban zuba ba. Ya ce, "To wani ya zuba." Ruwan famfo! Unguwarmu kwana tara ke nan famfo bai ɗiga ba, a wurin 'yan garuwa muke saye.

Wani ya zuba. Wa?

Asabar, 3 ga Mayu

Ba abin rubutawa. Ya hau.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan azahar

Bari in rubuta kafin in fara gyara wa kaina labarin.

Na fita da safe kamar kullum. Na kai bakin titi na tuna na bar takardar hoton kansa da likita ya ce in kawo. Na dawo. Ƙofar ɗakin montaj a buɗe. Na manta sam cewa Inna na da makulli, ita ke sa a share shi tun kafin a kawo ni gidan.

Tana durƙushe gaban Tulu, ta cire marfin kwalbar ta ajiye a kan zanenta. A hannunta ɗan kofin shayi, a gefenta farin bidon nan mai lita biyar da ta zo da shi daga Makka shekara uku da suka wuce, wanda ke ƙarƙashin gadonta, wanda ko jikokinta sai da rashin lafiya take ɗiga musu. Tana zubawa a hankali, bakinta na motsi. Na matso. Ba addu'a kaɗai ba ce. Cewa take, "Mustafa. Mustafa. Sha, Mustafa."

Shekara shida ina gidan nan. Yau na fara jin sunan a bakinta.

Da ina da hankali da na koma da baya na bar ta. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Inna! Me kike zubawa?"

Kofin ya kusa faɗuwa. Ta ce, ba ta juyo ba, "Zamzam ne. Na ga yana raguwa."

"Tun yaushe?"

"Tun da na ga kin ja masa layi."

Na ce mako guda ina zaton na haukace. Na ce ruwan nan yana da gishirin ƙasa a ciki, shi ya toshe ta. Na ce, Allah ya yafe mini, na ce, "Kin kashe masa ita. Can ba ki je ba, nan kuma kin kashe masa ita."

Ta mayar da marfin, ta ɗaure shi da kyau kamar yadda yake yi. Ta ce, "Can da mutane. Ni ba zan iya ba shi a gaban mutane ba, 'yar nan. Wannan kuwa hannunsa ne ya yi ta." Ta ɗauki bidonta ta fita.

Na tafi asibiti ba takardar.

Litinin, bayan magariba

Na kai mata tuwo. Ta ce ta ƙoshi. Na ajiye na tsuguna na ce ta yafe mini. Ta ce ba komai. Ba komai ɗin nan ya fi mari ciwo.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Tasa'in da ɗaya, sai ekran ya yi baƙi. Ta kashe kanta. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kira ni a waya aka ce an kai shi asibiti.

Alhamis, 8 ga Mayu, da hantsi

Ɗanƙarami ya zo da kayan aikinsa. Ya ce shi bai san ordinatar ba amma ya san radiyatar, kuma duk abin da ke da tiyo ɗan'uwansa ne. Muka zare ruwan a roba. Muka kwance jan ƙarfen, ashe cikinsa wasu siraran layuka ne, duk farin abu ya cike su. Na goge da tsohon buroshin haƙori har yatsuna suka yi tsami. Ya gano inda take yoyo, wani mahaɗi ne a bayan radiyatar da zafi ya sassauta, ɗigon yana bushewa kafin ya kai ƙasa. Ya ɗaure. Muka wanke layin da ruwan batir sau huɗu har ya fito garau.

Da na faɗa masa abin da aka zuba bai yi dariya ba. Ya ce, "Tawa uwar da rubutu za ta zuba. Ki gode wa Allah."

Ya ce yanzu tunda an wanke, kowanne na zaɓa zai yi, kore ko ja, in dai ban haɗa ba. Na ce nawa da nawa. Ya ce rabi da rabi kamar mota. Mutanen dandali sun ce rabi da rabi zai yi wa ɗan famfon nan kauri. Wani ya ce ɗaya cikin goma. Wani ya ce ɗaya cikin uku.

Na gaji da wani ya ce. Akwai mutum ɗaya a garin nan da ya sani.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Da safe na liƙe bakin kwalabe uku da sikoc, kore, ja, ruwan batir. Sannan na je ɗakin Inna na ce ta ɗan zuba mini zamzam a wata, zan kai masa. Ta zuba. Na ce ta raka ni don kayan sun yi mini yawa. Kwalabe huɗu ne a jaka ɗaya, ta gani, na gani. Ta ɗauko mayafinta.

A asibiti ta zauna a benci a waje. Na sallami Illa ya je ya karya. Na jera kwalaben a kan teburin gefen gado, wajen hannun hagu. Na ce, "Mustafa, na taɓa. Ka ce kada in taɓa, na taɓa." Na ba shi labarin duka, layin bik, gasarar Alhaji Auwalu, Baturen da ya ce in daina wasa. Da na zo kan zamzam sai ƙirjinsa ya fara girgiza. Na tsorata, na miƙe zan kira infirmiya. Ashe dariya ce. Rabin fuska ke yi, da wani sauti kamar an taka kwaɗo, amma wallahi dariyarsa ce, da ita na san shi.

Na ce, "To malam, wanne?"

Hannun ya tashi da ƙyar. Ya wuce jan. Ya ɗora yatsa a kan koren, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya. Ya matsa kan ruwan batir. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Ya tsaya.

"Ɗaya da huɗu?"

Ya matse mini hannu.

Na fara mayar da kwalabe jaka. Da na kai kan ta zamzam sai ya riƙe ta, ya ƙi saki. Na ce wannan ai ba ta Tulu ba ce. Bai kalle ni ba, ƙofa yake kallo. Ban faɗa masa abin da na ji tana cewa ba, ban kuma ce masa ta zo ba. Ƙila tarinta ya ji.

Na tambayi infirmiya, ta ce cokali-cokali ba laifi, a ɗaga masa kai. Na ja labulen gadon har ƙarshe. Na fita na miƙa wa Inna cokali na ce, "Inna, ba kowa a wurinsa, kuma an aike ni farmasi. Zan daɗe."

Ba wanda ya aike ni. Na zagaya asibitin sau uku cikin rana, na sayi ruwan leda na sha, na zauna ƙarƙashin itacen bedi ina kallon masu shiga da fita.

Da na dawo tana benci kamar ba ta motsa ba, ta ja mayafi har goshi. Na leƙa ciki. Ya yi barci, gaban rigarsa a jiƙe, ruwan kwalbar ya sauka yatsu biyu.

Sai da muka shiga lungunmu ta ce, "Wancan ya rame." Na ce e, Inna.

Lahadi, 11 ga Mayu, da hantsi

Kofin shayi ɗaya na kore, huɗu na ruwan batir, haka har kwalbar ta cika. Na karkata Tulu hagu da dama don iska ta fita, yadda na sha ganin yana yi. Famfo ya yi gurnani, ya yi shiru, ya kama. Hamsin da uku.

Na liƙa sabon sikoc, na ja sabon layi.

Talata, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Mako huɗu. Yau ma an aike ni farmasi.

Ruwan Tulu yana nan kan layi, bai hau ba, bai sauka ba. Bidon da ke ƙarƙashin gadon Inna ne ke raguwa.